Yadda Babba Zai Fara Koyon Busa Shakuhaci, Sarewar Gorar Japan, Mataki-Mataki

Tun da aka san ina busa shakuhaci, tambayar da aka fi yi mini ita ce: mutum ya haura talatin ko arba'in, wani ma ya yi ritaya, bai taɓa riƙe abin busa ba, zai iya kuwa? Zai iya. Ni ma da furfura a gemuna na fara. Sai dai ka sani tun yanzu, wannan sarewa ba ta ba da murya da wuri. Ƙofofi biyar kacal gare ta, huɗu a gaba ɗaya a baya, babu harshe a cikinta irin na algaita, babu maɓalli. Leɓɓanka da haɓarka su ne sauran rabin kayan. Abin da ke kayar da manya ba taurin yatsa ba ne ko ƙarancin numfashi, gaggawa ce da kunyar jin kai kana fitar da iska zalla har tsawon mako biyu. Ga yadda zan bi da kai da a ce yau ka zo mini hannu rabbana.

1. Sayi sarewar roba, ka bar ta gora tukuna

Tsawon da kowa ke farawa da shi shi ne wanda ake kira 1.8, wato kusan santimita 54 da rabi. Daga wannan awo ma sunan ya fito: "shaku" ɗaya da "sun" takwas, waɗanda ma'aunan tsawo ne na Japanawa na da. Darussan masu farawa da takardun waƙoƙi duk a kan wannan tsawo aka gina su, kuma mafi ƙasan sautinta shi ne wanda manhajar auna sauti ke nunawa da harafin D. Akwai dogaye, 2.4 har sama, masu murya mai kauri da ke ratsa ƙirji, kuma na san su ne suka ja hankalin da yawa daga cikinmu. Ka ƙyale su yanzu. Yatsun da ba su saba ba ba za su iya miƙewa su toshe ƙofofinsu ba tare da ciwon wuyan hannu ba.

Wadda malamai da dama ke ba ɗalibai shawara ita ce Yuu, sarewar roba mai tauri da aka zuba a siffar ta gora. Kuɗinta na kaiwa tsakanin dala 100 zuwa 200, ban da kuɗin aikowa da na kwastan. Sautukanta a daidaice suke, kana iya wanke ta da ruwa, kuma rana ko sanyi ba sa tsaga ta. Ta gora ta ɗalibai tana farawa daga ɗaruruwan daloli, ta ƙwararru kuwa dala dubu biyu, uku, har abin da ya fi haka. Idan aljihu bai kai ko ta robar ba, ana yin shakuhaci da bututun roba na masu aikin famfo, mai faɗin ciki kusan milimita 20. Tana yin aiki sosai a watannin farko, muddin wanda ya huda ta ya bi awo na gaskiya, domin kuskuren 'yan milimita a mazaunin ƙofa ya isa ya karkatar da sauti.

Gargaɗi: kasuwannin intanet cike suke da sarewun gora masu arha da aka liƙa wa sunan shakuhaci. Da yawa kayan ado ne. Mai farawa ba shi da yadda zai gane ko laifinsa ne ko na sarewa, sai ya yi wata uku yana zargin bakinsa a banza. Kafin ka biya, nemi mai sayarwa ya turo maka bidiyon da yake busa wannan sarewar da kanta, daga sautin ƙasa har na sama. In ya ƙi, ka riƙe kuɗinka. Wajen bincike kuma, rubuta sunan yadda suke rubuta shi, shakuhachi.

Sauran kaya ba su da tsada: madubi, manhajar auna sauti a waya (akwai na kyauta), murfin bakin sarewa, da ƙyallen goge ciki mai igiya da ɗan ƙarfe a ƙarshenta, wanda Japanawa ke kira tsuyutoshi. Tela zai iya ɗinka maka shi da ƙyalle mai laushi.

2. Zama da riƙo

Japanawa kan zauna a kan dugadugansu, zama mai kama da na tahiya. Ba dole ba ne. Kujera marar hannu ta wadatar, ka zauna a gaban-gabanta, ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe, kafaɗu a sake.

Ana ƙirga ƙofofi daga ƙasa: ta ɗaya ita ce mafi nisa da baki, ta huɗu mafi kusa a cikin na gaba, ta biyar tana baya. Yawancin mutane hagu suke sawa a sama. Babban yatsan hagu ya toshe ta biyar, manuni ya toshe ta huɗu, yatsan zobe ta uku. A hannun dama, manuni a kan ta biyu, yatsan zobe a kan ta ɗaya. Yatsun tsakiya ba sa toshe komai, suna kwance ne a jikin sarewa tsakanin ƙofofi. Nauyinta kuwa yana kan babban yatsan dama da na tsakiyarsa, tare da haɓa. Sarewar ta karkata daga jikinka kamar rabin hanya tsakanin tsaye da kwance.

Ka toshe da tsokar yatsa, ba da tsininsa ba. Ƙofofin shakuhaci manya ne, 'yar kafa kamar ta gashi ta isa ta kashe sautin ƙasa. Kada kuma ka matse. In ka ɗaga yatsa ka ga zoben ƙofa ya fito raɗau a fatarka, ko farcenka ya yi fari, ka yi yawa. Matsi shi ke kawo ciwon babban yatsa da yake sa manya ajiye sarewa bayan wata biyu.

3. Neman sauti na farko

A nan za ka daɗe, don haka ni ma zan daɗe.

Dubi saman sarewar. An yanke gefe ɗaya a karkace har ya yi kaifi. Wannan kaifin shi ake kira utaguchi, kuma shi ne ke raba iskarka biyu, rabi ciki rabi waje, sai sauti ya tashi. Ɗaya gefen, mai santsi, shi zai zauna a lotsawar da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa. Haɓarka da leɓenka su rufe mafi yawan bakin bututun, abin da zai rage 'yar tazara ce tsakanin leɓe da kaifin.

Kafin ka ɗora sarewa, tsaya gaban madubi. Rufe baki yadda yake in kana zaune shiru. Kada ka ja gefen baki kamar mai murmushi, kada kuma ka turo shi kamar mai hura wuta. Sai ka bar iska ta buɗe wa kanta 'yar hanya a tsakiyar leɓɓa, kamar za ka fitar da ƙaiƙayin gero da ya maƙale maka. Kafar ba za ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Haƙora a rabe kaɗan, harshe a kwance, cikin baki a buɗe kamar ka guntsi ruwa. Sa tafin hannunka a gaban baki ka ji inda iskar ke sauka. Ya kamata ta zama siririya, tana dukan wuri ɗaya.

Yanzu ɗora sarewar, ka bar duk ƙofofi a buɗe, ka riƙe ta da hannu ɗaya a ƙasa. Busa a hankali, kana ɗan ɗaga ƙasanta kana saukewa, kaɗan-kaɗan, har ka ji wani ɗan kuka ya ɓullo a cikin iskar. Duk wanda ya taɓa busa bakin kwalbar lemo yana yaro ya san wannan lokaci. In ya zo, kada ka motsa. Dubi madubi ka ga inda sarewar ta zauna, ka ja numfashi ba tare da ka ɗauke ta ba, ka sake. Zai ɓace. Gobe ma zai iya ƙin zuwa gaba ɗaya. Haka abin yake ga kowa. Wani rana ɗaya yake samu, wani sai ya yi mako biyu ko uku. Ni na haura mako guda ina jin fuuu kawai, ranar da sautin ya fito kuwa, bayan sallar isha'i ne, ban kwanta ba sai da na maimaita shi ya fi sau hamsin don tsoron kada ya gudu.

Gargaɗi: jiri zai kama ka a kwanakin farko, domin iskar da kake zubarwa ta fi wadda kake buƙata nesa ba kusa ba. Da ka ji kanka ya yi sakayau ko yatsu sun fara tsuwa, ajiye sarewa ka zauna. Minti biyar sau uku a rana ya fi rabin awa a zama ɗaya. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya fara tuntuɓar likitansa. Kuma in sauti ya ƙi, maganin ba ƙara ƙarfi ba ne. Rage iska, ka ƙanƙanta kafar leɓe, ka matso da kaifin kusa.

Wani abu da littattafan can ba za su gaya maka ba: leɓen da hunturu ya fasa ba ya busa. Ka riƙa shafa man kaɗanya da dare, amma ka goge shi kafin ka ɗauki sarewa, in ba haka ba za ta yi ta zame maka daga haɓa. Masu gemu mai kauri kuma, iska kan sulale ta tsakanin gashin da ke ƙarƙashin leɓe. Rage wannan ɗan wurin kawai ya isa.

4. Sautuka biyar

Da sauti ya fara zama, sai ka soma toshe ƙofofi daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Sunayen sautukan a tsarin makarantar Kinko, ɗaya daga manyan salon koyar da wannan sarewa, su ne ro, tsu, re, chi, ri. Ro: duka a toshe. Tsu: ka buɗe ta ɗaya. Re: ta ɗaya da ta biyu. Chi: ta ɗaya, ta biyu da ta uku. Ri: ta uku da ta huɗu a buɗe, sauran a toshe. A manhaja za ka ga D, F, G, A, C bi da bi.

Ka fara da ri ko chi, su ne masu sauƙi, ka gangaro. Ro ita ce mai wuya, don iskar sai ta bi dukan tsawon bututun, kuma ƙofa ɗaya da ba ta rufu ba ta isa ta hana. In ro ta ƙi, tara cikin goma yatsan zobe ne ya zame. Koma re, ka tabbatar da ita, ka sauke yatsa ɗaya, ka saurara, ka sauke na ƙarshe.

Wanda ya taɓa busa wata sarewar ya kula: a kiɗan gargajiya na shakuhaci ba a yanka sauti da harshe. In za a maimaita sauti, yatsa ake ɗagawa a maido da sauri, kamar ƙyaftawar ido. Ana kiran wannan atari. Ka saba da shi tun yanzu.

5. Ro-buki: minti goma kullum

Wannan shi ne ginshiƙin komai, kuma manyan masu busa ba sa barinsa har tsufa. Ro-buki na nufin busa ro kawai. Ka ja numfashi har ka ji cikinka da kwiɓinka sun buɗe, kafaɗu ba su ɗaga ba. Ka fara sautin a hankali, ya yi kauri a tsakiya, ya sirance har ya ɓace cikin shiru. Ka ja wani. Haka har minti goma.

Da farko daƙiƙa biyar ko shida za ka iya. Kada ka damu da ƙirga. Yayin da kafar leɓe ke ƙara tsukewa, iskar da ke tafiya a banza tana raguwa, sai ka wayi gari kana kai daƙiƙa goma sha biyar, ashirin, ba tare da ka san ranar da abin ya canja ba. Huhunka bai ƙaru ba, ɓarnar ce ta ragu.

Ka ajiye manhajar a gabanka a rabin lokacin, ka ga ko allurar na zaune a kan D. Kusan duk mai farawa ƙasa da daidai yake busawa, saboda yana sunkuyar da kai. Sauran rabin kuma kife wayar ka yi aiki da kunne. Ka ɗaura wannan minti goma a jikin wani abu da ba ka fasawa, bayan asuba ko kafin kwanciya. Babba mai iyali da aiki ba zai samu awa biyu ba, kuma ba ya buƙata. Ranar da ka gaji, ro-buki kaɗai ka yi ka ajiye. Abin da ba na so shi ne a tara na mako a yi ranar Asabar, domin tsokar leɓe ba ta karɓar bashi.

6. Nemi malami, ka zaɓi makaranta ɗaya

Zuwa ƙarshen watan farko ko na biyu, ka samu wanda zai kalli bakinka. Malaman shakuhaci da yawa a Japan, Turai, Amurka da Ostareliya suna koyarwa ta bidiyo kai tsaye. Ka shirya wa dala 40 zuwa sama a awa. Ko sau ɗaya a wata ne ya fi babu, domin malami zai gani cikin minti biyu abin da kai ba za ka gano ba cikin shekara. Ƙungiyar masu shakuhaci ta Turai da ta ƙasa da ƙasa suna da jerin malamai a shafukansu. A lokacin darasi, sa wayar a gefenka yadda zai ga haɓa da yatsu, ka kuma kashe abin tace hayaniya na manhajar kiran, don yakan ɗauki dogon sautin sarewa a matsayin ƙara ya share shi.

Manyan makarantu biyu ne. Kinko, mai ɗauke da sunan Kurosawa Kinko na ƙarni na 18, da Tozan, wadda Nakao Tozan ya kafa a Osaka a 1896. Akwai kuma salon fitaccen mai busa Yokoyama Katsuya, wanda ya yaɗu sosai a wajen Japan. Rubutunsu ya bambanta, misali sautin da Kinko ke kira ri, Tozan na kiransa ha. Bi na malaminka ka tsaya a kai shekara biyu. Haɗa biyu tun farko ruɗani ne kawai.

Ana rubuta waƙoƙin da haruffan Japananci, a layuka daga sama zuwa ƙasa, ana farawa daga dama. Wanda ya yi karatun allo ba zai ji baƙunta wajen farawa daga dama ba. Haruffan da za ka haddace da farko biyar ne, kwana biyu sun isa. Gargaɗi: kada ka shimfiɗa takarda a kan tabarma ko tebur kana leƙe. Jingine ta daidai idonka, in ba haka ba kanka zai sunkuya, sautinka duka ya faɗi ƙasa, kuma kunnenka ya saba da kuskuren.

7. Hawa sama: kan

Muryar ƙasa da kake ciki sunanta otsu. Ta sama sunanta kan, kuma yatsun kusan duk iri ɗaya ne. Abin da ke canjawa saurin iska ne. Ka tuna yadda ake matse bakin tiyo da yatsa ruwa ya yi nisa ba tare da an ƙara buɗe famfo ba. Ƙanƙanta kafar leɓe, ka ɗan turo leɓɓan gaba zuwa kaifin, ka tallafa daga ciki. Fara da re ko chi, ka busa ta ƙasa, ka bar ta ta tsallaka sama a cikin numfashi ɗaya. In wuyanka ya ɗaure ko gefen bakinka ya fara rawa, ka huta. Kan mai tsabta, marar tsawa, takan ɗauki watanni. Tana kuma ratsa bango, don haka ba ta tsakar dare ba ce a gidan haya.

8. Meri da kari

Da ƙofa biyar ake samun dukan sautukan da ke tsakani, kuma sirrin yana haɓa. In ka sunkuyar da haɓa, leɓe ya ƙara rufe bakin bututun, sauti ya sauka: meri ke nan. In ka ɗaga, ya hau: kari. Ana haɗa meri da rufe wani sashe na ƙofa. Tsu meri, wadda ke ɗan sama da ro kaɗan, ita ce ke gwada haƙurin ɗalibi. Ka buɗe ƙofa ta ɗaya 'yar siririya, ka sauke haɓa, ka rage iska. Sautin zai fito a dushe, mai duhu, kuma haka ake son sa. Kada ka yi ƙoƙarin sa shi ya yi ƙarfi kamar sauran. Wannan bambanci na haske da duhu shi ne ɗanɗanon kiɗan, shi ne ma abin da ya sa na kasa rabuwa da wannan sarewa.

Haɓa ce ke sauka, ba wuya ke lanƙwasa gaba ba, ba kuma hannu ke jan sarewa ba. Japanawa na da karin magana cewa kaɗa wuya kaɗai shekara uku ne, suna nufin girgiza kan da ake yi don sauti ya yi rawa. Kada ka taɓa wannan a shekarar farko. Sautin da bai tsaya cak ba, in aka girgiza shi, ɓoye rauninsa kawai ake yi.

A daidai nan malami zai fara ba ka gajerun waƙoƙin gargajiya, daga baya ya kai ka honkyoku, kiɗan da sufayen komuso suka bari, inda numfashi ne ma'auni ba bugun ganga ba. Ka yawaita sauraro. Nemi rikodin Yamaguchi Goro, wanda aka sa busarsa a faifan zinaren da kumbon Voyager ya tafi da shi a 1977, ka kuma saurari Yokoyama Katsuya. Ka lura da inda suke jan numfashi da yadda suke ƙare sauti.

9. In lokacin gora ya yi

Bayan shekara ɗaya ko biyu, kunnenka da bakinka za su iya tantance sarewa. Ka saya ta hannun malaminka ko maƙerin da ke ba da damar gwaji a mayar. Da gorar madake ake yin ta, daga gindi har da saiwa. Iri biyu ne: jiari, wadda aka shafe cikinta da wani kwaɓi aka daidaita, mai ƙarfin murya da daidaiton sauti, da jinashi, wadda aka bar cikinta kusan yadda Allah ya halicce shi. Don darasi, jiari ta fi sauƙi. Tambayi mai sayarwa ko an yi amfani da urushi, wani ƙaron itace da ake shafawa a ciki, domin sabonsa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a leɓe da haɓa.

Ga gargaɗin da ya fi shafar mu. An yi wannan gora ne a ƙasa mai laima. A hunturun Kano, Sakkwato ko Damagaram, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kuma gora ba ta jure wannan. Tawa ta farko na bar ta a kan tebur dare ɗaya a watan Janairu. Da asuba na tarar da tsaga daga ƙofa ta huɗu har kusa da baki, kuma har yau ina jin zafin abin. Don haka, da ka gama busa, zura ƙyallen goge ciki sau biyu, kana kare kaifin da babban yatsa kada ƙarfen ya ɓantare shi. Sa murfi, ka saka ta cikin doguwar leda mai kauri, ka ɗaure bakin. A hunturu ka jefa ɗan guntun soso mai danshi a cikin ledar, a naɗe yadda ba zai taɓa gorar ba. Kada ta kwana a mota, kada rana ta doke ta, kada ta zauna gaban na'urar sanyaya ɗaki. Da damina kuma cire soson, ka riƙa buɗe ledar tana shan iska saboda hunhuna.

In mai rabuwa biyu ce, kada ka murɗa mahaɗin ko ka lanƙwasa shi. Riƙe ta a daidai mahaɗin da hannu ɗaya, ka bubbugi wannan hannun da ɗayan har ta saki, ka riƙa shafa ɗan basilin a wurin lokaci-lokaci.

In kuwa ta tsage duk da haka, kada ka ɗura mata gam. Naɗe wurin da ƙyalle mai ɗan danshi, ka rufe ta a leda kwana ɗaya ko biyu, yawanci tsagar za ta haɗe bakinta. Daga nan sai a aika wa mai gyara ya ɗaure ta da zare mai ƙarfi a wurare da dama, kuma in an yi ɗaurin da kyau muryarta na dawowa. Kafin ta dawo, ka koma kan ta robar. Saboda irin wannan rana, da kuma tafiye-tafiye da watannin hunturu, kada ka sayar da ita ko ka bayar.